Koya wa kwikwiyo zama da kwanciya da ɗauko ƙwallo ba tare da duka ba: daga ina ake farawa?

Baban Amira, Kaduna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin karnuka. Muna da kwikwiyo namiji ɗan wata huɗu, uwarsa karyar gida ce, ubansa kuma irin karnukan nan ne na Jamus da aka fi sani da Alseshiyan. Gadi ne ya sa na kawo shi, domin gidanmu yana ƙarshen unguwa kuma muna da kaji da tumaki a bayan gida, amma yara sun shaƙu da shi ƙwarai, sun raɗa masa suna Duna, kuma sun dame ni da roƙon a koya masa zama da kwanciya da miƙa hannu da ɗauko ƙwallo, kamar yadda suke gani a bidiyoyin intanet.

Wani maƙwabcina da ya daɗe yana kiwon karnuka ya gaya mini cewa kare ba ya jin magana sai da tsumagiya, kuma idan ina son ya yi zafi to in ɗaure shi da sarƙa a ɗaki mai duhu, in hana yara wasa da shi, in riƙa barbaɗa masa barkono a abinci. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba, domin ba na son a azabtar da dabbar da ke ƙarƙashin kulawata, kuma ba na son yarana su tashi suna ganin duka a matsayin hanyar koyarwa. Na ji cewa akwai horon da ake yi ta hanyar ba kare ɗan tukwici duk lokacin da ya yi abin da ake so, sai dai ban san daga inda ake farawa ba. Sannan ina da fargaba biyu: kada ya zama karen da ba ya bin umarni sai ya ga nama a hannu, kuma kada wannan lallashi ya mayar da shi rago har ya kasa aikin gadin da aka kawo shi dominsa. Duk wanda ya san wannan hanya ya taimaka mini da bayani dalla-dalla. Na gode.

Likitar Dabbobi, Jos

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Allah ya raya mana su Amira. Wata huɗu lokaci ne mai kyau na farawa, kuma abin da yaranka suke roƙo ba shi da wuya idan aka bi shi a tsanake. Tun farko ka ajiye maganar barkono da ɗakin duhu. Barkono ba ya ƙara wa kare jarumta, sai dai ya ɓata masa ciki, kuma kwikwiyon da aka killace bai saba da mutane ba yakan tashi matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne ya fi saurin cizon yaron gida.

Tushen wannan horo shi ne cewa dabba tana maimaita duk abin da ta yi ta ga alheri ya biyo bayansa nan take. Saboda haka lokacin bayarwa ya fi girman abin da aka bayar muhimmanci. Idan Duna ya zauna, kai kuma ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe tsaye sannan ka ba shi naman, to a fahimtarsa miƙewar ce ta jawo masa nama. Tazarar da kake da ita daƙiƙa ɗaya ce zuwa biyu. Domin a cike wannan giɓi ne masu horarwa suke amfani da wata alamar sauti, wadda take sanar da kare cewa abin da ya yi a daidai wannan lokaci shi ne ake so, kuma tukwici yana tafe. Wasu suna sayen wani ɗan abu na roba mai fallen ƙarfe a ciki da ke yin ƙara idan an danna shi, amma gajeriyar kalma kamar “yauwa” ta wadatar, muddin da murya iri ɗaya ake faɗinta kullum. Ka fara da koya masa alamar ita kaɗai: ka faɗe ta, ka ba shi gutsure, ka ɗan dakata, ka sake, kamar sau 15 zuwa 20, har ka ga da zarar ya ji ta yana ɗago kai yana duban hannunka. Tukwicin ya zama abu mai taushi da ƙamshi, kamar dafaffiyar hanta ko ƙundun kaza ko dafaffen ƙwai, a yanka shi ƙanana daidai girman ƙwayar wake, yadda zai haɗiye da sauri a ci gaba da aiki.

Zama shi ne darasin farko. Ka riƙe gutsuren tsakanin yatsunka, ka kai shi daf da hancinsa, sannan ka ɗaga hannun a hankali zuwa saman kansa ta wajen baya. Zai ɗaga hanci ya bi ƙamshin, kuma yayin da kai ya yi sama, gindi zai yi ƙasa da kansa. Da zarar ya taɓa ƙasa ka ce “yauwa” ka sakar masa naman. Idan yana tsalle, hannunka ya yi sama da yawa. Idan yana ja da baya, ka yi aikin kusa da bango. Kada ka danna masa baya don ka tilasta shi, domin yawancin karnuka turjewa suke yi idan an danna su, kuma wanda aka zaunar da ƙarfi bai koyi zaunar da kansa ba. A wannan mataki kada ka ce “zauna” tukuna. Sai ka ga yana bin hannunka ya zauna kusan duk lokacin da ka gwada, sannan ka fara faɗin kalmar sau ɗaya tak, ka ɗan yi shiru, sai ka motsa hannun. Mutane da yawa suna ta nanata “zauna, zauna, zauna” a kan kwikwiyon da bai san me ake nufi ba, har kalmar ta zame masa hayaniyar da ba ya kulawa da ita.

Kwanciya daga zama ake ɗauko ta: ka saukar da hannun daga hancinsa kai-tsaye zuwa ƙasa tsakanin ƙafafunsa na gaba, sannan ka ja shi gaba kaɗan-kaɗan. Idan bai kwanta gaba ɗaya ba, ka saka masa a kan sunkuyar da kai, daga baya a kan lanƙwasa gwiwa, har a kai ga ƙirjinsa ya taɓa ƙasa. Miƙa hannu ya fi sauƙi, domin idan ka dunƙule naman a tafinka ka ajiye hannun a gabansa, zai shinshina, ya lasa, daga bisani ya kai ƙafar gaba ya taɓa, a nan ne za ka faɗi alamar ka buɗe hannu. Ɗauko ƙwallo kuwa ka yi shi da ƙwallo biyu iri ɗaya. Ka jefa ta farko nesa kaɗan, idan ya ɗauka ya juyo wajenka ka nuna masa ta biyu, yana sakin ta bakinsa sai ka jefa wadda ke hannunka. Ka gargaɗi yara kada su bi shi da gudu don su ƙwace ƙwallon, domin zai ɗauka guje-gujen shi ne wasan, ya daina dawowa.

Kowane zama na horo kada ya wuce minti uku zuwa biyar, a yi shi kafin a ba shi abinci, da sassafe ko bayan la'asar, saboda kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma tsakar rana ba zai iya mayar da hankali ba. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga Jami'ar Kopenhagen ta ƙasar Denmak, wanda aka yi da karnuka 44, ya gano cewa waɗanda ake yi wa gajeren darasi ɗaya sun fi saurin koyo a kan waɗanda ake jera wa darasi uku a zama guda. Idan ka ga yana hamma ko yana kawar da kai ko yana sosa jiki, ya gaji, sai ka nemi abu mai sauƙi da ya riga ya iya, ka saka masa, ku tashi.

Ɗan Mafarauci, Ningi

Salamu alaikum. Likita, Allah ya ƙara basira. Ni a gidan mafarauta na tashi, kuma abin da kika bayyana ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake ba mu da waɗannan ƙa'idoji a rubuce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, idan aka dawo daga daji aka feɗe abin da aka kama, karen da ya yi kamun shi ake fara jefa wa kayan ciki kafin sauran, kuma kowane kare yana da irin fiton da ake kiransa da shi tun yana kwikwiyo, ana yin fiton ana ba shi abinci har ya haɗa biyun a ransa. Akwai doka ɗaya da bai taɓa yarda a karya ba: ba a dukan karen da aka kira ya zo, ko da ya ɓata lokaci, ko da wata ɓarna ya yi kafin ya zo. Dalilinsa shi ne karen da ya zo ya sha duka gobe ba zai zo ba, kuma karen da ba ya amsa kira ba shi da amfani a daji. Baban Amira, ka sa amsa kira a gaban miƙa hannu da sauran wasannin yara, domin shi ne zai cece shi ranar da ya fita titi da gudu.

Horar da kare kuwa abu ne da addini ya san da shi. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida an halatta cin abin da dabbobin farauta waɗanda aka koyar suka kamo wa mai su, kuma a hadisin Adiyyu ɗan Hatim da Bukhari da Muslim suka ruwaito an bambanta tsakanin karen da ya riƙe wa ubangidansa abin da ya kama da wanda ya ci daga ciki. Wato tun wancan zamani ana koya wa kare ya ga nama a bakinsa ya haƙura. Mu da “bari” muke koyar da wannan. Ana rufe ɗan nama da tafin hannu a ƙasa, kare ya yi ta ƙoƙari, sa'ad da ya gaji ya janye hancinsa sai a ba shi wani naman daban daga ɗaya hannun, ba wanda aka rufe ba.

Inda nake da ja shi ne a ce ba za a tsawata ba sam. Mai tambaya yana da kaji. Ranar da Duna ya bi kaza da gudu, ba na jin gutsuren hanta zai dawo da shi, domin daɗin bin kazar ya fi masa hantar. A irin wannan hali ina ganin dole a daka masa tsawa mai ƙarfi ya san ya yi laifi. Ban ce a ɗauki sanda ba, amma ban yarda a ce komai sai da lallashi ba.

Malamin Jami'a, Zariya

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma daga wannan fanni ne horon tukwici ya samo ƙa'idojinsa. A 1898 Edward Thorndike na Amurka ya wallafa gwajin da ya yi da kyanwoyi a cikin akwatuna masu sakata, inda ya ga cewa motsin da ya buɗe ƙofa ya kai ga abinci shi ne kyanwa take saurin maimaitawa. B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan da ɓeraye da tattabaru tun daga shekarun 1930, ɗalibansa Keller da Marian Breland suka mayar da shi sana'ar horar da dabbobi iri-iri, sannan wata mata mai suna Karen Pryor, wadda ta horar da dabbar ruwan nan dolfin a Hawayi a shekarun 1960, ta taimaka wajen yaɗa shi ga masu karnuka. Dolfin ba ya ɗauruwa da sarƙa, kuma idan ya ga ba daɗi nutsewa yake yi ya tafi, don haka dole aka nemi hanyar da dabba za ta yi aikin da son ranta.

Fargabar Baban Amira ta farko tana da tushe, amma maganinta yana hannunsa. Naman da aka nuna wa kare kafin ya yi aiki toshiya ce, wanda aka fito da shi bayan ya yi kuwa ladan aiki ne, kuma dole a tashi daga na farko zuwa na biyu da wuri. Bayan ya bi hannu mai nama ya zauna kamar sau biyar zuwa goma, a yi masa motsin hannun nan babu komai a ciki, idan ya zauna a faɗi alamar, sannan a ɗauko naman daga aljihu ko daga kwanon da aka ajiye a gefe. Ta haka yake gane cewa rashin ganin nama ba ya nufin babu shi. Idan darasin ya zauna masa sosai, sai a daina biyan kowane zama da abinci, a riƙa bayarwa jefi-jefi ba tare da ya san wane karo ne za a ba shi ba, domin gwaje-gwajen Skinner sun nuna cewa halin da ake saka wa jefi-jefi ya fi wuyar gushewa a kan wanda ake saka wa kullum. Sauran lokutan a biya shi da abin da yake so a rayuwarsa ta yau da kullum: ya zauna sannan a ajiye masa kwanon abinci, ya zauna sannan a kwance shi, ya zauna sannan a jefa ƙwallo. Wata karya mai suna Chaser, wadda Farfesa John Pilley na Kwalejin Wofford a Amurka ya koya wa sunayen kayan wasa 1,022, kamar yadda aka wallafa a 2011, yawancin ladanta wasa ne da yabo. Karnukan da ke shinshino miyagun ƙwayoyi a filayen jirgin sama ma da yawansu ƙwallo suke yi wa aiki.

Game da maganar ɗan'uwanmu na Ningi, ina tare da shi cewa idan kare ya riga ya tasam ma kaza, dole a katse shi da murya ko da tafi, ba wanda zai tsaya kallo. Inda muka rabu shi ne tsammanin cewa tsawar ta koyar da shi wani abu mai ɗorewa. Abin da yakan koya shi ne kada ya bi kaza idan maigida yana tsakar gida, ranar da ba kowa kuwa ya ci gaba. Gyaran gaskiya ana yinsa ne kafin ranar: a sa masa igiya, a tsaya nesa da kajin inda zai gan su amma hankalinsa bai tashi ba, duk lokacin da ya dube su ya juyo ya dubi mai shi a saka masa, a riƙa matsowa kusa a hankali cikin kwanaki, kuma a tsakanin haka kada a bar shi da kajin babu mai lura, domin kowane bi da ya yi lada ne da ya ba kansa.

Ra'ayin cewa sai an nuna wa kare ƙarfi kafin ya yarda da shugabancin mutum ya samu gindin zama ne daga nazarin da Rudolph Schenkel ya wallafa a 1947 kan kyarketai, dangin kare na daji, waɗanda aka tara a gidan namun daji na Basel a Suwizalan. Daga baya David Mech, wanda shi kansa ya taimaka wajen yaɗa ra'ayin, ya bayyana a 1999 cewa garken kyarketai a daji iyali ne na uwa da uba da 'ya'yansu, ba taron masu kokawar mulki ba. A 2009 wani bincike daga Jami'ar Fensilbaniya kan karnukan da aka kai asibiti saboda matsalar hali ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka doka ko aka shura sun mayar da martani da faɗa. A 2020 masu bincike a Porto ta ƙasar Fotugal sun gwada karnuka 92, suka samu cewa waɗanda ake horarwa da fizgar wuya da tsawa sun fi waɗanda ake horarwa da tukwici nuna alamun damuwa, kuma sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali ya fi yawa a yawunsu bayan darasi. A gidan da ke da ƙananan yara, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne.

Maman Khalifa, Kano

Baban Amira, sannu da ƙoƙari. Abin da zan ƙara na cikin gida ne. Ku zauna da uwargida da yara ku tsayar da kalma ɗaya ga kowane umarni, domin idan kai kana cewa “kwanta”, Amira tana cewa “yi ƙasa”, ƙaninta kuma yana faɗi da Turanci, kwikwiyon ne zai rikice a ce ba ya ji. Yara su yi horon a gaban babba, kuma su riƙa ba shi tukwicin a buɗaɗɗen tafi, ba da bakin yatsu ba. Sannan ka tuna cewa yawancin baƙinmu ba sa son kare ya taɓa musu tufafi, wasu saboda salla, wasu saboda tsoro, kuma haƙƙinsu ne. Mu mun shimfiɗa wa namu karen tsohon buhu a gindin bishiya muka koya masa “wurinka”, ana jefa masa tukwici a kan buhun har ya saba, yanzu ana yin sallama a ƙofa ake tura shi can ya kwanta har baƙo ya shige.

Baban Amira, Kaduna

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun fara, kuma Duna yana zama da kwanciya da motsin hannu ko babu nama a ciki, yara suna ta murna. Sai dai a tsakar gida kawai yake yi. Da zarar mun fita ƙofar gida sai ya zama kamar bai taɓa jin kalmar ba. Haka kuma yana daka tsalle a jikina idan na dawo daga aiki, kuma tun da na fara juya masa baya kamar yadda na ga ana yi, sai abin ya ƙaru. Likita, ko zan iya amfani da kilishi ko ragowar tsire a matsayin tukwici, tunda ba sa saurin lalacewa kamar hanta? Kuma har yanzu ina jiran bayani kan maganar gadi.

Likitar Dabbobi, Jos

Madalla, Baban Amira, wannan ci gaba ne mai kyau. Abin da ka gani a ƙofar gida ba taurin kai ba ne. Kare yana haɗa darasi da wurin da ya koye shi, don haka a wajensa zama abu ne da ake yi a tsakar gida kusa da randa, kuma a waje ga ƙamshi iri-iri ga babura ga awakin maƙwabta. Ka koma matakin farko a kowane sabon wuri, da nama a hannu, ka fara da zaure, sannan bakin ƙofa lokacin da layin ba kowa, sannan lokacin da mutane ke wucewa, kuma ka tanadi tukwicin da ya fi so domin wurin da ya fi wuya. Za ka ga kowane sabon wuri ya fi na baya saurin shiga.

Ƙaruwar tsallen kuwa abu ne sananne. Halin da ya saba jawo masa kulawa, idan ya daina aiki, sai ya ƙara ƙaimi kafin ya haƙura, kuma idan ka sare a wannan gaɓa ka ture shi ko ka yi masa magana, ka koya masa cewa naci yana biya. Ka ci gaba da juya baya, amma kada ka tsaya a nan: da ƙafafunsa huɗu sun sauka ƙasa ka faɗi alamar, ka durƙusa ka shafa shi, ko ka nemi ya zauna tun kafin ya iso jikinka. Kowa a gidan ya yi haka, domin mutum ɗaya da ke rungumarsa idan ya yi tsalle ya isa ya warware aikin sauran.

Kilishi da tsire ka bar wa mutane. Yajinsu yakan ƙunshi albasa da tafarnuwa da gishiri da barkono, kuma albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ne ko dafaffe ko gari. Haka nan a nisanta shi da cakulan da goro, waɗanda ke da sinadaran da ke tayar masa da bugun zuciya, da inabi da zabibi masu iya kashe masa ƙoda, da dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya soki hanji. Idan lalacewar hanta ce damuwarka, ka dafa ta ba gishiri, ka yanka ƙanana, ka busar a rufe yadda ƙuda ba zai hau ba, amma ka riƙa gauraya ta da nama ko ƙwai, saboda yawan hanta yana sa kwikwiyo zawo. Duk tukwicin yini kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa, kuma kana iya ɗibar wani ɓangare na abincin nasa na yau da kullum ka yi horon da shi. Ka kuma sa rai da yawan tauna a 'yan watannin nan, domin tsakanin wata huɗu da bakwai haƙoransa na nono 28 suke zubewa, na dindindin 42 su fito. Ku kwashe takalma daga ƙofar ɗaki, ku ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla ya riƙa tauna.

Gadi ba ya buƙatar mugunta. Yin haushi idan baƙon motsi ya kusanci gida hali ne da yakan fito da kansa yayin da kare ya fara girma ya san iyakar gidansu, balle wanda ke da jinin Alseshiyan, kuma koyon zama da miƙa hannu ba ya rage shi. Abin da gidan iyali yake buƙata shi ne kare mai sanar da ku da haushi, mai kuma yin shiru idan an ce ya yi. Idan aka buga ƙofa ya yi haushi sau biyu ko uku, ka ce “ya isa” da murya a kwance, ka kai tukwici hancinsa. Zai tsaya ya shinshina, a wannan ɗan shirun ka faɗi alamar ka ba shi, sannan ka riƙa tsawaita shirun da kake nema kafin ka biya. Kada ku gwada koya masa cizo a gida ta hanyar sa wani ya riƙa tsokanarsa, domin ba za ku iya zaɓar masa wanda zai ciza ba.

Kafin ka ci gaba da fita da shi waje, ka tabbatar ya kammala alluransa na ƙuruciya, musamman ta cutar nan mai sa kwikwiyo amai da zawon jini, an kuma ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. Allurar rigakafin ciwon haukan kare ana fara ta ne daga wata uku, don haka Duna ya riga ya isa. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, nan kusa da mu, tana sarrafa wannan rigakafi, kuma asibitin dabbobi na jiharku zai yi masa ya ba ka kati mai ɗauke da ranar da za a maimaita.